Ruwan Ɓawon Albasar Inna Dije

Assalamu alaikum, mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in na ƙara kwana biyu shiru za ta hawo mota ta zo Bodinga ta karɓi wayar ta rubuta da kanta. Ki zauna gida, 'yar uwa, ga ni na zo. Ba jan rai nake ba, abin ne ya sa yatsuna suka yi nauyi.

Ga wadda ta shigo yau, sunana Ummukulsum, a gida Ummu. Shekarata ashirin da shida, ina digiri na biyu a Sakkwato, kullum ina bisa hanya tsakanin can da gidanmu. An sa mana rana da Abubakar Siddiƙ, ɗan Shagari mai sana'ar albasa, saura wata biyar. Kuma ni na ja ranar ta yi nisa haka. Umma ta so a yi tun bayan ƙaramar sallah. Gwaggo Kaltume ta zo takanas ta wuni a kaina tana lissafo ƙannena na dangi da suka riga ni haihuwa. Ni kuwa na je gaban Baba na yi kuka har da majina, na ce a bar ni in gama bincikena. Baba tsohon malamin firamare ne, karatu yana da daraja a idonsa, ya ce a bar ni. Tun daga ranar, in ran Umma ya ɓaci, "Hajiya mai ƙwai" take ce mani.

Sai na yi muku bayanin ƙwan nan, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane ɓarnar da Siddiƙ ya yi mani ba.

Ƙarin ciwon daji, wato kumburin da yake yi a jiki, in ya fara, bai wuce ƙwayar gero ba, kuma ba ya iya wuce nan sosai sai ya samu jini. To ɗan banzan wayo gare shi. Sai ya riƙa aika saƙo ga jijiyoyin jinin da ke kusa da shi, su tsiro da sababbin rassa, su zo har inda yake kwance su ciyar da shi. Ranar da malaminmu ya faɗi haka a aji, wallahi ban ji sauran darasin ba. Ina zaune ina ta juya abu guda a raina: to in aka hana rassan tsirowa fa? Ashe masana sun daɗe a kan tambayar, har akwai magungunan asibiti masu wannan aikin. Kuma har yanzu ana ta bincike a kan wasu sinadarai da ke cikin tsirrai, irin su gangamau, koren shayi, waken suya, da ɓawon albasa. Ɓawon albasa dai, wanda iska ke yawo da shi a kasuwarmu, awaki ma sai sun rasa abin ci suke kula shi.

A wajen neman ɓawon na haɗu da Siddiƙ. Na tsaya gaban rumfarsa da buhuna na ce ɓawo nake so, jan, busasshe. Ya kalle ni daga hijabi har takalmi ya ce, "Malama, albasa muka saidawa. Shara kyauta ta." Ya cika mani buhu biyu, ya karɓi lambata wai don in na ƙara buƙatar shara. Kun dai san sauran.

Yadda nake gwajin shi ne, in jiƙa ɓawon in tace sinadarinsa a ɗakin bincike. Sai in sa ƙwai a na'urar ƙyanƙyasa. Kwana uku in yanka wa kowanne 'yar taga a jiki in rufe da salatif. Kwana takwas, fatar da ke lulluɓe da ɗan tsakon ta cika da jijiyoyin jini, sai in ɗiga abin da na tace a 'yar takardar da ba ta kai farce ba, in ɗora a kai. Bayan kwana uku in buɗe in ƙirga, rassa nawa suka tsiro kusa da takardar, nawa suka fasa. Ƙwan shago ba ya yi, don ba zakara a kansa. Mahaifiyar Siddiƙ, Inna Dije, ita ke da kaji da zakaru a Shagari. Ba mu taɓa ganin juna ba, amma duk bayan sati biyu sai ta aiko mani ƙwai cikin kwalla, an shimfiɗa ƙaiƙayi, kowane ƙwai ta ja masa layi da gawayi, yawan layin yawan kwanansa. Ban taɓa ce mata ta yi haka ba, ita ta ga ya dace.

To ranar Alhamis da ta wuce, na gama jera ƙwai sittin a na'ura ke nan, rukunin ƙarshe da nake buƙata kafin in fara rubutu, sai wayata ta yi ƙara cikin aljihun farar riga. Siddiƙ ne.

"Malama Ummu an wuni lahiya? Inna ta ce a tambaye ki, cikin hannu nawa aka zubawa ga tukunya?"

Na rubuta, "Tukunyar mi?"

"Ta maganin mana. Ɓawon."

"Wane magani, Siddiƙ?"

Sai ga saƙon murya, minti biyu da rabi. Na fita baranda na kara a kunne. Ana jin ƙugin babbar mota da hayaniyar masu lodi, shi kuma muryarsa fal farin ciki. Wai dama bai gaya mani ba ne don Inna ta hana. Wata huɗu ke nan da asibiti a Sakkwato suka ce daji ne a mamanta na hagu. Wai rannan yana ba ƙanwarsa Safinatu labarin aikina, ya ce matar da zai aura tana haɗa maganin daji da ɓawon albasa, ashe Inna na ji daga ɗaki. Sati uku ke nan tana dafawa tana sha safe da yamma. Ta ce jikinta ya yi sakayau, ta ce ba sai ta koma asibiti ba. Ya rufe da cewa, "Kin gani, Allah ya kawo muna likita har gida."

Na kira shi nan take, kuma ni na san bakina in raina ya tashi.

"Wa yac ce maka magani na haɗa?"

"Ke mana. Ba ke kinka ce shina hana jijiyoyin tsirowa ba?"

"Ga ƙwai, Siddiƙ. Ƙwai nike gwadawa. Innarka kaza ta?"

Kafin in rufe baki na san na kwafsa. Na ji an kashe motar da ke bayansa. Sannan ya ce a hankali, "Ummu, uwata ta." Ya kashe wayar.

Na kira sau huɗu bai ɗaga ba. Sai bayan la'asar ya turo layi biyu. "In ba magani ba na, ki gaya mata da bakinki. Ni ɗan fari na, ba ta irin maganar ga da ni."

Gaskiyarsa ce, kuma ya san ya ɗaure ni. Inna Dije ko sunansa ba ta kira, "wancan" take cewa, balle ta zauna da shi a yi zancen mama. Ni kuma ina ni ina taka gidan surukai kafin a kai ni? Na nemi lambar Safinatu, wadda muke ɗan gaisawa a waya. Ban gama tambaya ba yarinyar ta fashe da kuka. Can ta turo mani hoton katin asibiti, an naɗe shi har ya fara yagewa a tsakiya. Na buɗa hoton da yatsu biyu. An rubuta ranar aiki, Litinin ta sama, kwana goma sha ɗaya daga ranar. Za a cire maman.

Ƙarƙashin hoton ta rubuta, "Yaya bai san da aikin ba. Ta ce ba ta zuwa. Don Allah Anti Ummu kar ki ce ni nig gwada maki."

Ranar Juma'a ban je makaranta ba. Umma ta baje kayan da take tara mani a tsakar ɗaki, zannuwan gado, labule ruwan zuma, tukwane 'yan saiti, tana ta shinshina wani turaren wuta da aka kawo mata gwaji. Na zauna gefe ina ninke abin da ta warware, na ce bari in ɗan taɓa ruwan in ji.

"Umma, wai in yarinya ta ji uwar wanda za ta aura ba ta da lahiya, tana iya zuwa gaishe ta?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wace marar kunya ta? Iyayenta sun mutu? Su ka zuwa, ba ita ba." Sai ta tsaya da turaren a hannu. "Wa ab ba shi da lahiya?"

"A'a, wata ƙawata ta."

"To ki gaya ma ƙawar taki ta kama kanta."

Na kama kaina har safiyar Asabar. Na sa atamfata mai ruwan ganye wadda ba ta da hayaniya, na zura dogon hijabi ruwan toka har ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Na ce wa Umma zan je duba ƙwai. Allah ya yafe mani. Da na fito bakin titi, maimakon in tsallaka wajen motocin Sakkwato, sai na shiga bas ɗin da ke yin kudu. Duk wanda ya shigo sai in ja hijabi in rufe rabin fuska, gani nake kowa ɗan unguwarmu ne. Safinatu ta ce yayanta ya tafi lodi tun da safe, ba zai dawo ba sai magariba.

Tana jirana bakin hanya a Shagari, siririya, idanunta sun kumbura. Muka bi lungu biyu, muka ratsa zaure. Tsakar gidan a share tas, akurki uku jere a jikin katanga, kaji na ta kiwo, wani jan zakara na tsaye bisa turmi. A murhu ga ƙaramar tukunya tana tafasa, ruwan ciki ja ya yi duhu. Ban tambaya ba, warin ya gaya mani.

Inna Dije na zaune bisa tabarma a ɗakinta, 'yar ƙaramar mace, ta jingina da gadon ƙarfe. Tana jin sallamata ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Ni ma na durƙusa can bakin ƙofa na dasa ido a ƙasa. Ku zo ku ga ikon Allah, mace biyu a ɗaki guda kowa na jin kunyar kowa.

"Safinatu, ce mata sannu da hanya."

"Anti, wai sannu da hanya."

"Ce mata lahiya lau. Ya jiki?"

"Inna, wai ya jiki."

"Ce mata da sauƙi. Ce mata ya mutanen Bodinga."

Haka muka yi ta yi kusan minti goma, alhali tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na ga in aka bi ta haka har azahar ba mu iso maganar ba. Sai na ciro waya na ce, "Safinatu, ce ma Inna ko tana son ganin abin da nike yi da ƙwan kajinta."

Mayafin ya ɗan motsa. Na kunna bidiyon da na ɗauka na rukunin baya, na miƙa wa Safinatu, ta kai mata. A ciki ana ganin tagar ƙwan, jijiyoyi ja sun bazu ko'ina, ɗan tsakon kwance a tsakiya, zuciyarsa na bugawa ɗil ɗil.

Inna Dije ta saki mayafin. Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kai kusa da ido.

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina kiwon kaji, ban taɓa ganin cikin ƙwai da rai ba." Kai tsaye ta yi maganar, ta manta da Safinatu. "Wanga mai motsi, zuciya ta?"

"Ita ta, Inna."

"Matso nan. Wagga hwarar aba hwa?"

Na ja gwiwa na matsa. Na nuna mata takardar, na nuna mata yadda gefenta ya yi fayau, rassan sun yi ƙaranci, can nesa kuma sun yi cunkus. Na gaya mata yadda ƙari ke kiran jini ya zo gare shi. Tana ji tana gyaɗa kai, ta sa na maimaita bidiyon sau uku.

"Awa fangalin albasa ke nan," ta ce. "In kin toshe hanyar ruwa, shi bushe."

"Haka na, Inna."

"To tsaya. Shi ɗan tsakon, ba da hanyar ga shika ci ba? In kin toshe, shi hwa?"

Na kalle ta sosai a karo na farko. Wannan tambayar ce malamina ya yi mani ranar da na gabatar da aikin, har na yi ta inda-inda gaban mutane. Na ce mata gaskiya, in na zuba da yawa ɗan tsakon mutuwa yake, na kashe sun fi ashirin kafin in gane ma'auni. Na ce jiki ma yana buƙatar sababbin jijiyoyi, ko ciwo mutum ya ji da su yake warkewa. Ta ce to ya ake raba na ƙari da na jiki? Na ce abin da manyan masana ke ta fama da shi ke nan. Ta ce in an sha, ta ina yake bi ya kai wurin? Na ce nan ma gizo yake saƙa, sai kuma na tsaya, don na ga ƙofar da nake nema ta buɗe da kanta.

"Inna, ki gahwarce ni. A ƙwai, bisa jijiyar nike ɗora shi da hannuna. Wanda anka sha, ciki na narka mafi yawansa, abin da ka isa jini kaɗan na. Ba wanda yat taɓa tabbatar da shina warkar da mutum. Ni kaina ban sani ba, shi ya sa nike bincike. Abin da ke cikin tukunyar can ba magani ba na."

Na sunkuyar da kai ina jiran a ce in tashi in bar gidan.

"Na sani," ta ce.

Na ɗago.

"Safinatu, tahi ki ba kaji ruwa." Sai da yarinyar ta fita ta saki labule, sannan ta kamo hannuna. Hannunta a bushe, da zafi. Ta cusa shi ƙarƙashin mayafinta ta ɗora a gefen mamanta na hagu. Na ji shi, tauri kamar dutse, bai motsi. Shekara biyu ina karanta abin nan a takarda, ban taɓa taɓa shi ba sai ranar.

"Da anka gano shi, goro na. Yanzu kin ji. Kullum da sahe ina aunawa da yatsu. Sati ukun ga da nike shan ruwan ɓawonki, ƙaruwa yay yi. Ni ba yarinya ba ta."

"To Inna, don mi?"

"Don a bar ni in huta da zancen asibiti. Da nic ce ina shan maganin matar wancan, kowa yay yi shiru."

Wato da sunana ta yi garkuwa. Raina ya so ya ɓaci, amma hannuna na kan abin, ina jin bugun zuciyarta ta bayansa. Na ce, "Ranar Litinin ta sama anka ba ki."

"Safinatu ta yi surutu ke nan." Ta sakar mani hannu, ta gyara mayafi. "Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, da ƙahwarta ta shiga ɗakin aiki. Tana yi muna dariya. Ba ta hwarka ba. Ni ban ce kowa haka shika yi ba, amma na gani da idona. Wancan kuwa, tun da nih haihe shi ban taɓa kiran sunanai ba. Ban taɓa ɗaukar shi gaban mutane ba, ban taɓa ce mai sannu da aiki ba. Haka munka taras ana yi. Abu guda nika so, in ga an shigo mai da mata, in ji guɗa cikin gidan ga da kunnena. Na rantse da Allah wuƙa ba ta taɓa ni sai na ga haka."

"Inna, rantsuwa ana yi mata kaffara."

Ta yi 'yar dariya. "Ɗiyar malamai ta ni, na san kaffara. Ba rantsuwar ta riƙe ni ba, son ganin na."

"Wata biyar hwa, Inna. Abin ga ba ya jiran wata biyar."

"To ya zan yi? An ce amarya na karatu."

Ba da gatse ta faɗa ba, da ma da gatsen ne da ya fi mani sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tausayi, na kuma ji tsoro. Na yi lissafi a zuci ba tare da na so ba. Ƙwaina sittin za su cika kwana takwas ranar Juma'a, ranar ɗora takarda. Ƙirga kuma Litinin. In ba ni nan a ranakun biyu, rukunin ya tafi, sai in sake daga farko, in ma an bar ni.

Bakina ya riga ni. "In anka ɗaura Juma'ar ga, anka kawo ni, kina zuwa Litinin?"

Ta zuba mani ido. "Ke da kinka ce sai kin ƙare boko?"

"Kina zuwa, Inna?"

"In nig ga ƙahwarki cikin gidan ga, ko da asuba a kai ni."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba." Ta sake kama hannuna, wannan karon ta matse. "Mutanenku kar su ji. Ko uwarki. In sunka ji, cewa za su yi jinya anka ɗauko ɗiyarsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Ga Safinatu, masu nema sun hwara zuwa, kin san mutane da zancen ciwon gado. Baffannin wancan ni ka ji da su, ba su musu da ni. Ke ki ji da naki. Amana na ba ki, Ummukulsum."

Yadda ta kira sunana cikakke ya sa na kasa cewa komai sai "Na karɓa." Da zan fito ta sa Safinatu ta sauke tukunyar ta zubar a bayan akurki, ta kuma tambaye ni ko ana iya tura mata bidiyon nan a wayar Safinatu, tana son ta ƙara kallo.

A mota saƙon Siddiƙ ya shigo. "Ki yi haƙuri da shekaranjiya. Raina na ya ɓaci." Na rubuta amsa na goge sau uku. Me zan ce masa? Na mayar da wayar jaka.

Na isa gida bayan la'asar. Baba na ɗakinsa a kan darduma, tabarau a hanci, yana gyara eriyar rediyo. Umma ta kawo masa fura tana damawa a gefe. Ban cire hijabi ba, don na san in na shiga ɗakina na zauna, ƙarfin halin zai gudu. Na durƙusa bakin ƙofa.

"Baba, magana gare ni."

"Bismillah, uwata."

"So nike a ɗaura auren ranar Juma'a. A kai ni ranar."

Ludayin Umma ya tsaya. Baba ya kashe rediyon.

"Wace Juma'a?"

"Wagga mai zuwa."

Ya cire tabarau ya ninke su a hankali. "Ba ke kinka durƙusa nan wurin kina kuka, kinka sa nim mai da yayata Kaltume gida da hushi ba? Karatun hwa?"

"Na haƙura da shi yanzu, Baba."

"Mi yaf faru?"

"Ba ni iya hwaɗi."

"Ba ki iya hwaɗi." Ya maimaita yana kallona. A garinmu yarinya ko zancen ranar bikinta aka ɗauko tashi take ta bar wurin, ga ni da bakina ina roƙon a kai ni ɗakin miji cikin kwana shida, ba lefe, ba gayyar dangi.

Umma ta aje ludayin cikin kwanon. Muryarta ta yi ƙasa sosai. "Sumayya ƙawarki ta kira wayata da hantsi tana nemanki. Ta ce ba ki zo makaranta ba, jiya ma ba ki zo ba. Ina kinka tahi, Ummu?"

Hawaye suka zubo, kuma na san yadda za a karanta su, amma na kasa tsayar da su.

Baba ya miƙe. Mutumin da ko ƙofar gida bai fita ba hula, ya wuce ta gefena kansa a buɗe, bai kalle ni ba. Na ji ƙarar ƙofar zaure.

Umma ta tashi ta tura ƙyauren ɗakin ta sa sakata. Ta dawo ta durƙusa gabana har gwiwarta na taɓa tawa. Ta kama wuyan hannuna. Ba fuskata take kallo ba, cikina take kallo ta saman hijabin.

"Ki gaya min gaskiya, ni uwarki ta," ta ce. "Wata nawa na?"